Hoton da Virginia Woolf Ba Ta So Ba: Yinin Gisèle Freund a Gidan Ma'auratan Tavistock, 1939

A ƙarshen watan Yuni na 1939, wata matashiya mai ɗaukar hoto, Gisèle Freund, ta hau benen gida mai lamba 52 a dandalin Tavistock da ke Landan, ɗauke da kyamararta da fim mai kala. Masu gidan su ne Leonard Woolf da matarsa Virginia, marubutan Ingila da suka kusa cika shekara 27 da aure. Da yammacin ranar ta ɗauki Virginia ita kaɗai sau da dama, ta ɗauki Leonard, sannan ta haɗa su wuri guda tare da karyarsu Sally. Waɗannan su ne hotuna masu kala da duniya ta san Virginia Woolf da su, kuma su ne na ƙarshe da wani gwanin hoto ya ɗauke ta. Ba ta cika shekara 2 a duniya bayan wannan zama ba.

Labarin yinin iri biyu ne. Mai hoton ta rayu har shekarar 2000, kuma abin da ta riƙa faɗa shi ne an karɓe ta da mutunci, uwargida ta ba ta haɗin kai, har ta yi mata kyauta. Ita kuwa wadda aka ɗauka ta bar shaida a dayarinta da wasiƙunta cewa ƙofar rago aka yi mata, kuma ranta a ɓace ta zauna. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Kafin mutum ya ce ya karanta wani abu a fuskar matar nan, ko a zaman da ta yi da mijinta, sai ya san yadda labaran biyu suka haɗu a falo ɗaya.

Wadda ta zo da kyamara

An haifi Freund a Balin a 1908, a gidan Yahudawa masu hali. Mahaifinta mai tara zane-zane ne, shi ne kuma ya saya mata kyamara ƙirar Leica. Tana karatun ilimin zamantakewa a Frankfurt Hitila ya hau mulki a 1933, ta tsere zuwa Faris. A can ta kammala digirin digirgir a jami'ar Sorbonne a 1936, a kan tarihin hoto a Faransa a ƙarni na 19. Wannan karatu ya yi tasiri a hannunta. Abin da ta gano shi ne hoton fuska ya bunƙasa ne lokacin da sababbin attajirai da ma'aikata suka so abin da a da sarakuna kaɗai ke samu daga masu zane, wato a nuna su da kwarjini, amma da araha. Masu hoto suka koyi faranta wa mai biya: a goge tamoji, a gyara hanci, a jingina mutum da ginshiƙin kwali. Freund ta raina wannan sana'a. An san ta da ƙin gyara fuska bayan an wanke hoto.

Ƙofar marubuta ta buɗe mata ne ta hannun Adrienne Monnier, mai kantin littattafai a titin Odéon, wadda ita ce ta buga mata kundin digirinta. A 1935 ta ɗauki marubucin Faransa André Malraux, gashi a hargitse, sigari a baki, hoton da ya fito da sunanta. A 1938 ta koma fim mai kala. Sabon abu ne a lokacin, don Kodachrome na ƙananan kyamarori da Agfacolor duk a 1936 suka shiga kasuwa. Matsalarsu biyu. Ta farko, ba sa saurin kama haske, saboda haka a cikin ɗaki sai an ƙara haske, wanda ake ɗauka kuma ya daskare wuri ɗaya na ɗan lokaci. Ta biyu, abin da ke fitowa ɗan ƙaramin fim ne da ake haskawa a bango, domin fitar da shi a takarda na da tsada ƙwarai. Don haka majigi Freund take yi, irin wanda iyayenmu suka kalla a dandali: a kashe fitila, a rataya farin ƙyalle, fuskar mutum ta fito ta ninka girmanta, da kowane jan jijiya na ido da kowane tabo. A watan Maris na 1939 ta yi irin wannan majigi a kantin Monnier, marubutan da ta ɗauka suna zaune suna kallon kansu. Ta sha ba da labarin cewa kowannensu yakan yaba hoton ɗan'uwansa, ya ce nasa ne bai yi ba. A watan Mayu hoto mai kala da ta ɗauki marubuci James Joyce ya hau bangon mujallar Time. A watan Yuni ta zo Landan, ta haska hotunanta a ɗakin baje kolin Peggy Guggenheim. A wannan shekara ta ɗauki T. S. Eliot da George Bernard Shaw da Vita Sackville-West, aminiyar Virginia.

Shekarun Freund 30, ƙasarta ta haihuwa ta kore ta, da kyamara take ci. Tana tara fuskokin manyan marubutan zamani, kuma jerin ba zai cika ba in babu Virginia Woolf. Ta nemi izini, an ba ta uzuri har sau 2.

Gidan da masu gidan

Tun 1924 Leonard da Virginia suke haya a wannan gida. Hawa biyu na sama nan ne mazauninsu, na tsakiya ofishin lauyoyi, can ƙarƙashin ƙasa kuma maɗaba'arsu ce, Hogarth Press, wadda suka kafa a 1917 da ɗan injin hannu a kan teburin cin abinci. Da farko Leonard ya yi nufin ya samar wa matarsa aikin hannu da zai hutar da ƙwaƙwalwarta: ita ke jera haruffa, shi ke murza inji. Abu ya girma har suka buga Eliot da Katherine Mansfield, suka zama masu buga fassarar masanin halayyar ɗan adam Sigmund Freud da Ingilishi. A watan Janairu na 1939 ma sun je gaishe da Freud a Hampstead, yana gudun hijira kuma yana jinya. Amfanin maɗaba'ar mafi girma shi ne Virginia ta daina kai rubutunta gaban wani edita. Abin da ta ga dama take rubutawa, mijinta ya fara karantawa, su buga.

Shi Leonard an haife shi a 1880, Bayahude ne, ɗan lauya. Ya yi aikin mulkin mallaka a Silon, wato Siri Lanka ta yau, daga 1904 zuwa 1911, ya dawo ya ajiye aikin ya auri Virginia a watan Agusta na 1912. Ya zama mai sukar mulkin mallaka, har ya yi littafi a 1920 a kan yadda Turawa ke tatsar Afirka. Rahotonsa na 1916 a kan tsarin mulki tsakanin ƙasashe yana cikin abin da aka duba wajen kafa Majalisar Ƙasashe (League of Nations) bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekaru da dama yana sakataren kwamitocin ba da shawara na jam'iyyar Leba, yana kuma editan mujallar siyasa. Mutum ne mai rubuta komai: kuɗin shiga, kuɗin fita, milolin da mota ta yi, da lafiyar matarsa. A 1913, shekara guda da aurensu, larurar ƙwaƙwalwa ta taso wa Virginia har ta sha maganin barci da nufin hallaka kanta. Daga nan ya ɗauki nauyin lura da barcinta da cinta da yawan baƙinta. Ba su haihu ba.

Bangon falon da aka yi hoton a cikinsa aikin yayarta ne, Vanessa Bell, da mai zane Duncan Grant. Su suka zana manyan allunan da aka lulluɓe bangon da su lokacin da aka tare.

Me ya sa take gudun kyamara

Wanda bai san gidansu ba zai zaci tsoron sabon abu ne. A cikin hoto ta tashi. Julia Margaret Cameron, ɗaya daga cikin manyan masu hoto na ƙarni na 19, yayar kakarta ce ta wajen uwa, kuma cikin fuskokin da Cameron ta fi ɗauka akwai ta Julia, mahaifiyar Virginia, wadda ta rasu a 1895 Virginia na da shekara 13. A 1926 Hogarth ta buga tarin hotunan Cameron, Virginia da abokinta Roger Fry, masanin zane-zane, suka rubuta gabatarwa. Ita kanta tana ɗaukar hoto tun tana yarinya, kuma kundayen hotunan gidansu na ƙauyen Rodmell, Monk's House, suna ajiye yau a jami'ar Harvard, cike da abokai a lambu da karnuka da ita kanta tana dariya.

Abin da ta ƙi shi ne a mai da fuskarta haja. Zamanin ya zo da mujallun hoto: Life ta fito a Amurka a 1936, Picture Post a Ingila a 1938, Vogue kuwa ta daɗe tana jera marubuta kusa da matan masu sarauta. Marubuci ya zama abin kallo, ko an karanta shi ko ba a karanta ba. A 1930 Cecil Beaton, gwanin hoton manyan mutane, ya nemi ta zauna masa don littafinsa na kyawawan mata, ta ƙi. Sai ya sa zanenta a ciki ba da izininta ba, ita kuma ta rubuta wa jarida ta yi ƙorafi a fili. Ta zauna wa mai hoto Man Ray a 1934, hoton ya hau bangon Time a watan Afrilu na 1937, saboda haka ta san inda hoto ke zuwa in ya bar hannun mai shi. Haka ta ƙi karɓar digirin girmamawa daga jami'ar Manchester a 1933 da ta Liverpool a 1939. A littafinta na 1938, Three Guineas, ta buga hotuna 5 na manyan maza cikin kayan alfarma, akwai janar, akwai alƙali, akwai babban limamin coci, don ta nuna yadda ado da nuna kai suke ciyar da girman kai, girman kai kuma ya ciyar da yaƙi. Mai wannan ra'ayi ba za ta ji daɗin a haska fuskarta a bango jama'a na kallo ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, wanda babu wanda ya sani a lokacin. A watan Afrilu na 1939, wata 2 kafin zuwan Freund, ta fara rubuta tarihin ƙuruciyarta don kanta. A ciki ta faɗi yadda tun tana 'yar shekara 6 ko 7 take jin kunya da laifi in ta kalli madubin da ke zauren gidansu na hutu a St Ives, har ta girma ba ta iya shafa hoda a gaban mutane. A wuri guda ta faɗi yadda wanta da suke uwa ɗaya, Gerald Duckworth, ya taɓa jikinta a wannan zaure tana ƙarama. Ba a buga rubutun ba sai 1976. Freund ba ta san da shi ba, wadda ta kawo ta ma ba ta sani ba. Mu da muka sani ba mu da damar ɗaukar ƙin da ta yi a matsayin yanga.

Yadda aka yi

Victoria Ocampo ce ta kawo ta. Attajira ce 'yar Ajantina, wadda ta kafa mujallar adabi ta Sur a 1931. Ta haɗu da Virginia a Landan a 1934, wajen baje kolin hotunan Man Ray, ta kamu da ƙaunarta, ta riƙa aiko mata da kyaututtuka, har da akwatin gilashi cike da malam-buɗe-littafi na Kudancin Amurka. Ita ta sa marubucin Ajantina Jorge Luis Borges ya fassara littattafan Virginia 2 zuwa Sifaniyanci. Wato mace ce da Virginia ke jin nauyinta. Ta zo ziyara, sai ga ta da Freund ba tare da ta faɗa ba. Aka nuna wa masu gida fuskokin marubutan da aka riga aka ɗauka, aka roƙi uwargida a gaban baƙuwa. Virginia ta rubuta a dayarinta cewa babu hanyar zillewa, ga Ocampo zaune a kujera, ga Freund a gabanta ido da ido, kuma yammacinta zai tafi a abin da ta fi tsana. Kara ta yi. Aka sa lokaci washegari.

Da Freund ta dawo, a faɗarta, ta tarar da mace mai ladabi. Virginia ta nuna mata aikin Cameron, ta ba ta littafin hotunan kyauta, ta kuma yarda ta sauya tufafi don a ga wanda kala za ta fi karɓa. Hotunan sun gaskata wannan, domin ba kaya ɗaya ne a jikinta ba a cikinsu. A wani tana riƙe da sigari a doguwar mariƙa, a wani littafi na buɗe a gabanta. Ba abin mamaki ba ne. Mace ce da aka yi wa tarbiyyar zuba wa baƙi shayi tun tana budurwa a gidan mahaifinta, kuma ta san hoto ciki da bai. Tunda ta amsa, sai ta yi abin yadda ya kamata, ta haɗiye fushinta har baƙuwa ta tafi. Freund ta ga ladabin, ta ɗauka yarda ce.

Fushin ya fito a takarda. Cikin 'yan kwanaki ta rubuta wa Ocampo cewa lallai ranta ya ɓaci: ta sha ƙin a ɗauke ta, ta ba Freund uzuri sau 2, sannan aka kawo ta ba sanarwa, abin da ya nuna mata an yi ne don a tilasta ta. A watan Agusta ta rubuta wa Vita tana kiran Freund shaiɗaniya, saboda ta ji za ta nuna hotunan alhali ta kafa sharaɗin kada a nuna. Ita da Ocampo ba su sake haɗuwa ba.

Abin da ke cikin hoton

Mutum 2 ne masu furfura, ita 57, shi 58, zaune a falonsu, karya a tare da su, zanen Vanessa da Duncan a bayansu. Babu gyara, duk layin da shekaru suka ja a fuska yana nan. Ga wanda ya saba da hoton ma'aurata irin na zamanin iyayensu, bambancin a fili yake. A wancan tsari ɗaya na tsaye ɗaya na zaune, hannu a kafaɗa, an shirya komai don a san wane ne maigida. Ga wanda kuma ya saba da hoton Beaton, inda ake lulluɓe mace da haske da furanni har ta daina kama da mai cin abinci, nan ma ba haka ba ne. Freund ta bar su a inda suke zama, cikin kayan da suke sawa.

Ko karyar tana da nata bayani. Sally ta Leonard ce, ya samo ta a 1935 bayan mutuwar Pinka, wadda Vita ta ba su. Gida ne da ba a raba shi da dabba: a shekarar ne suka ratsa Jamus a mota da ɗan ƙaramin birin Leonard mai suna Mitz, wanda ya ɗauke hankalin jama'ar da suka yi dafifi a titi suna jiran wani babban ɗan Nazi, ba wanda ya tsaya tambayar wane ne direban. Wasu na cewa Sally ta tsaya a gurbin ɗan da ba su haifa ba. Ni ina ganin wannan ɗora wa hoto kaya ne. Tana wurin ne don kullum tana inda Leonard yake, kuma mai hoto mai hankali ta san mutumin da aka takura yakan saki jiki in dabbarsa na kusa.

Akwai abin da hoton ba ya nunawa amma ya shafi yadda aka yi shi. Hannun Leonard na rawa tun yana yaro, rawar da ta sa likitoci suka sauke masa aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fim ɗin kuwa ba ya yafe motsi. Saboda haka natsuwar da ake gani a jikinsu, wadda masu kallo ke fassarawa da kwanciyar hankalin tsohon aure ko kuma da sanyin da ya shiga tsakani, kaso mai yawa nata umarnin fim ne: ku tsaya, kada ku motsa. Duk wanda zai karanta hoto mai kala na waɗannan shekaru ya fara cire wannan kafin ya shiga zancen zuciya.

Abin da ya rage bayan an cire, shi ne ya sa nake fifita hoton su biyu a kan na ita kaɗai. Yana nuna wurin aiki. Ƙarƙashin ƙafafunsu maɗaba'a ce, a can baya ɗakin da take rubutu, a bango aikin yayarta, a gefenta mutumin da ke fara karanta duk abin da ta rubuta. Littattafanta daga cikin wannan haɗaka suka fito, kuma a hotunan da gwanaye suka yi mata, a nan ne haɗakar ta fi fitowa fili.

Abin da ya biyo baya

A watan Agusta suka tashi daga Tavistock saboda ƙarar rushe-rushen da ake yi a maƙwabta, suka koma lamba 37 a dandalin Mecklenburgh. Ranar 3 ga Satumba Ingila ta shiga yaƙi. A watan Satumba na 1940 bam ya lalata sabon gidan, a watan Oktoba wani ya rushe na Tavistock, Virginia ta je da kanta ta ga kufan ɗakin da ta rubuta littattafanta a ciki. Allunan Vanessa da Duncan sun tafi, hotunan Freund suka zama cikin 'yan shaidun da suka rage na kalarsu. Otal ne a wurin yanzu. Sunayen Leonard da Virginia suna cikin jerin waɗanda 'yan Nazi suka shirya kamawa in sun ci Ingila. Su ba su ga jerin ba, amma sun san abin da ke jiran Bayahude ɗan gurguzu da matarsa, har sun yi shawarar abin da za su yi wa kansu in abokan gaba suka sauka. Ranar 28 ga Maris 1941, da ta ji ciwon na dawowa, Virginia ta shiga kogin Ouse kusa da gidansu na Rodmell. An ga gawarta ranar 18 ga Afrilu. A wasiƙar da ta bar wa mijinta ta ce ba ta jin akwai mutum 2 da suka fi su jin daɗin zama tare.

Daga nan karatun hotunan ya juya. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma haka miliyoyin masu kallo suka yi: suka ga ramammiyar fuska da idon da ke kallon nesa, suka ce ga mutuwa nan tafe. Amma matar da ta zauna a watan Yuni na 1939 aiki take yi ba ji ba gani. Tana fama da tarihin rayuwar Roger Fry, wanda ya fito a 1940, ta fara sabon ƙagaggen labari tun 1938, ga tarihin ƙuruciyarta. Ƙarar magina ta hana ta sakat, ɗawainiyar tashi na gabanta, ɗan yayarta Julian Bell ya mutu a yaƙin basasar Sifen shekara 2 da suka wuce, kowa kuma ya san wani yaƙin na tafe. A kan duk wannan aka ƙwace mata yammaci guda. Gajiya da ɓacin rai sun isa su bayyana fuskar. Ciwon da ya kai ta kogi sai a farkon 1941 ya taso.

Leonard kuma aka riƙa barinsa a waje. Bangon littattafai da fastoci na ita kaɗai suke so, mace mai hazaƙa cikin kaɗaici, domin shi ya fi sayuwa. Daga shekarun 1970 wasu masu nazari suka ƙara da cewa shi ne ya tsare ta, ya hana ta haihuwa, ya mai da jinya mulki. Ba a rasa abin kamawa ba: shi ya bi likitoci har aka yanke maganar haihuwa, yakan katse mata hira ya ce dare ya yi, kuma ita ma ta yi gunaguni a wasu lokuta. Duk da haka, tsakanin 1915 da 1941 ba ta sake faɗuwa irin ta farkon aure ba, kuma a tsakanin ne ta yi duk manyan ayyukanta. Hoto ba zai raba wannan gardama ba, ba zai ce ga mai tsaro ko ga mai tsarewa ba. Iyakarsa ya nuna cewa ranar da aka tilasta ta zama, ya zo ya zauna kusa da ita.

Maganar izini

A nan ne lamarin ya fi nauyi, kuma ba na jin ya dace a sassauta shi don hotunan sun yi kyau. An nemi mace sau 2 ta ƙi. Aka biyo ta hanyar wadda take jin kunya, aka roƙe ta a inda ba za ta iya cewa a'a ba. Ta kafa sharaɗi ɗaya, ba a cika ba. Ocampo ta rubuta daga baya tana kare kanta da cewa ba don ita ba da duniya ta rasa wannan fuska. Haka ne, da an rasa. Sai dai mai fuskar ta san da wannan hujja tun tana raye, ta auna ta, ta ce ba ta so.

Ita ma Freund ba a yi mata adalci in aka mai da ita 'yar farauta. Ba ta sayar da abin kunya ba, ba ta ɓata kowa ba, ta ɗauki tsofaffi 2 da mutunci, ta bar su yadda suke. Shekara guda bayan zaman ita ma gudu take: ta bar Faris a watan Yuni na 1940 sojojin Jamus na shigowa, ta ɓuya a kudancin Faransa, kuma Ocampo ɗin nan ce ta samo mata hanyar zuwa Ajantina. Da ba ta samu ba, Bayahudiyar da ta tsere wa 'yan Nazi tun 1933 an san makomarta. Karambanin da ya ɓata wa Virginia rai da himmar da ta ceci ran Freund duk halin mace ɗaya ne, wadda in ta sa abu a gaba ba ta jin bari.

Freund ta shiga ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947, ta ɗauki Eva Perón, matar shugaban Ajantina na lokacin, a 1950, ita ce kuma ta yi hoton hukuma na shugaban Faransa François Mitterrand a 1981. A 1965 ta je Rodmell, Leonard ya karɓe ta yana da shekara 84, ta ɗauke shi, ta ɗauki teburin da matarsa ke rubutu a kai. Karɓar da ya yi mata ta nuna shi bai riƙe ta a zuci ba, amma sharaɗin ba nasa ba ne balle ya janye. Ya rasu a 1969. Tarin ayyukan Freund yana hannun cibiyar adana takardun marubuta ta IMEC da ke kusa da birnin Caen a Faransa, kuma duk mai son buga fuskar Virginia Woolf mai kala a bangon littafi, daga masu kula da gadon mai hoton yake neman izini.